ALLURAR KEMIS DA GORAR MAI LASIFIKA BA SA FITAR DA TSAKUWAR ƘODA

Tun shekaranjiya mutum huɗu suka turo min bidiyo guda a WhatsApp. Wani bawan Allah ne zaune gaban teburi cike da gorori, yana rantsuwa cewa maganinsa yana narkar da tsakuwar ƙoda cikin kwana uku, “ko da ta kai girman ƙwallon goruba”. A ƙarshe har yana yi wa likitoci shaguɓe, wai su ba abin da suka iya sai yanka mutum su karɓe masa kuɗi. Biyu daga cikin waɗanda suka turo min masu digiri ne. Ɗaya ma ya ƙara da cewa a yaɗa saboda Allah.

To ni dai ba zan yaɗa ba, kuma saboda Allah ɗin ne ba zan yaɗa ba. Daga asibiti na dawo ɗazun nan, wajen dubiyar direban ofishinmu, mutumin da muka yi shekara goma sha ɗaya muna aiki tare. Na bar shi kwance da roba a kwiɓinsa na dama, tana zubar da fitsari cikin leda a gefen gado. Da izininsa nake wannan rubutu, sai dai ba zan kama sunansa ba, ba zan kama sunan asibitin ba, ba kuma zan kama sunan mai kemis ɗin unguwarsu ba, don ba shi kaɗai ke yin abin da ya yi ba.

Ni ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne mai tura fayil. Amma shekara shida da suka wuce ni ma tsakuwar nan ta kayar da ni a tsakar gidana da ƙarfe biyun dare, na yi birgima a kan siminti gaban 'ya'yana. Tun daga lokacin na matsa wa likitana da tambaya, na karanta abin da zan iya karantawa. Abin da zan faɗa a nan ba sirri ba ne, duk ɗalibin likitanci ya san shi. Abin takaicin shi ne mai lasifika ya fi likita kusa da kunnen mutanenmu.

Ga yadda abin ya faru. Cikin watan Afrilu, ana tsakiyar zafin nan da kwalta ke narkewa, ciwo ya sare shi a kwiɓi bayan la'asar. Ya ce min, “Yallaɓai, kamar an soka min wuƙa ana murzawa.” Ciwon ya taso daga baya, ƙasan haƙarƙari, ya zagayo mara ya sauka har maraina. Ga amai, ga gumi, ya kasa zama ya kasa kwanciya. Yaransa suka kai shi kemis. Mai kemis bai tambayi kalar fitsarinsa ba, bai tambaya ko yana da olsa ko hawan jini ba. Ya ɗebi jini ya ce taifod ce da maleriya, ya ɗirka masa allurar diklofenak, ya haɗa da jentamisin, ya rataya masa ledar ruwa a ƙusa. Ciwo ya lafa. Kowa ya yi hamdala.

Bayan kwana goma ciwo ya dawo, aka sake komawa, aka sake allura. Zuwa na uku sai wani maƙwabci ya ce ai wannan sanyi ne ya taɓa ƙoda, ga mai magani can bakin kasuwa. Aka sayo gora biyu. Ya sha na sati guda, ciwo ya ɗauke ɗif. Na tuna ranar da ya shigo ofis yana murmushi yana ce min, “Yallaɓai, ashe maganin namu na gida ma yana yi.” Ni kuma, wanda na san abin da na sani, na ce masa, “Malam, ka dai je a yi maka sikanin.” Sau ɗaya na faɗa, ban matsa ba, ban ce ga kuɗin ba. Wannan laifina ne, kuma yana daga cikin abin da ya hana ni barci har na zauna rubutun nan.

Sati uku bayan haka zazzaɓi ya rufe shi da rawar ɗari. Aka ce maleriya ce ta dawo. Kwana uku ana ba shi maganin maleriya. A rana ta huɗu matarsa ta kira ni tana kuka, ta ce, “Yallaɓai, Malam ba ya gane mutane, kuma tun jiya bai yi fitsarin kirki ba.” Da muka isa asibiti aka ɗora masa na'urar sikanin, cikin minti biyar likita ya juyo da allon ya nuna min ƙodar dama ta kumbura kamar balan-balan. Tsakuwa ce mai milimita 9 ta toshe hanyar, fitsari ya taru a sama, ƙwayoyin cuta suka shiga ya zama mugunya, daga nan suka bi jini. Cikin daren aka huda ta baya aka sa roba don mugunyar ta fita. Sau biyu aka yi masa wankin ƙoda kafin jikinsa ya dawo hayyacinsa.

Na tambayi likitan, tunda ƙoda ɗaya ce ta toshe, me ya hana ɗayar ta riƙe shi? Ya ce ai ita ma ɗayar ba a bar ta ta huta ba. Diklofenak yana rage jinin da ke shiga ƙoda, jentamisin kuwa an san shi da yi wa ƙoda illa idan ba a auna shi da kyau ba, ga ƙarancin ruwa a jiki, ga guba a cikin jini, ga abin da ke cikin gorar wanda ba wanda ya san ko mene ne. Duk wannan a kan ƙodar da ta rage tana aikin biyu.

Yanzu bari mu yi maganar da mai bidiyon ba zai yi muku ba.

Tsakanin kowace ƙoda da mafitsara akwai wata siririyar hanya, tsawonta wajen santimita 25 zuwa 30, faɗinta kuwa milimita 3 zuwa 4 kacal. Tsakuwa tana iya shekara tana zaune cikin ƙoda mutum bai sani ba. Ranar da ta gangaro ta maƙale a wannan hanya, ranar ake jin azabar, domin fitsari yana taruwa a bayanta, hanyar kuma tana matsawa tana neman turo ta. Shi ya sa ciwon ke zuwa yana lafawa yana dawowa, shi ya sa kuma mai shi ba ya iya zama wuri ɗaya. Likitoci suna lura da wannan: mai afendiks da ta fashe lamo yake yi, ba ya son ko a taɓa gadon, mai tsakuwa kuwa juyi yake yi kamar kifin da aka tsamo daga ruwa. Sau da yawa akwai jini a fitsarin, ko da ido bai gani ba gwaji zai nuna, ko da yake akwai waɗanda ba a samun jinin sam.

Girman tsakuwar shi ne kusan komai. Wadda ba ta kai milimita 5 ba, wato kamar ƙwayar gero zuwa ƙwayar dawa, mafi yawanci da kanta take fita cikin 'yan kwanaki ko 'yan makonni. Daga 5 zuwa 10, abin ya zama ko ta fita ko ta ƙi. Wadda ta haura milimita 10 da wuya ta fita ba a taimaka mata ba. Tawa milimita 4 ce, kwana tara ta yi ta faɗo, na tare ta da matacin shayi kamar yadda likita ya ce in yi, na kai aka duba irinta.

Ku riƙe wannan da kyau, don a nan kasuwar mai gora take. Tunda mafi yawan tsakuwoyin ƙanana ne kuma da kansu suke fita, duk abin da mutum ya sha a waɗannan kwanaki shi zai ɗauki yabo. Da a ce ni ma gorar na sha, da yau ina cikin masu ba da shaida a bidiyo ina cewa kwana tara kacal ta yi min aiki. Waɗanda tasu ta fita su ne ke dawowa su yi godiya a gaban kyamara. Waɗanda tasu ta maƙale suna ɗakin wankin ƙoda ko suna maƙabarta, ba mai ɗaukarsu bidiyo.

Batun narkarwa kuma, mafi yawan tsakuwoyin ƙoda, kusan kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, na sinadarin kalsiyam ne. Babu wani abin sha, na Bature ko na gargajiya, da aka tabbatar yana narkar da irin wannan bayan ta riga ta ƙulla. Ba lemon tsami da man zaitun ba, ba lemon kwalba ba, ba tafasasshen ganye ba. Iri ɗaya ne ake iya narkarwa da magani, wato tsakuwar yurik asid, ita ma sai an tabbatar ita ce, a ba da maganin da ke rage tsamin fitsari, a riƙa aunawa, a ɗauki makonni. To mutumin da bai ga tsakuwarka ba, bai san girmanta ba, bai san irinta ba, bai san ma ko tsakuwar ce ba, da me ya san kwana uku za ta yi?

Wani zai ce ai gorar tana da lambar NAFDAC. Ka juya gorar ka karanta ƙananan rubutun. Lambar da ake ba irin waɗannan magunguna tana nufin an duba ba a ga guba a samfurin da aka kai ba, ba tana nufin an tabbatar yana warkar da abin da mai shi ke faɗa ba. Shi ya sa ake wajabta musu su rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Wannan ma ga waɗanda lambar tasu ta gaske ce ke nan.

Kada wani ya ɗauka ina zagin maganin gargajiya ne gaba ɗaya. Da saiwa da sassaƙe aka raine mu, kakata har ta rasu ba ta yarda da ƙwaya ba. Amma kakata ba ta taɓa cewa tana ganin cikin ƙodar mutum ba, kuma ba ta taɓa hawa mota da lasifika tana batsa a bakin kasuwa ba. Wanda nake magana a kansa ɗan kasuwa ne da ya gano cewa tsoron wuƙar likita kuɗi ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro, kuma shi ne ya kusa kashe mutumin nan, shi ne ɗaukewar ciwo. A wajenmu ciwo ya tafi, cuta ta tafi. A tsakuwar ƙoda ba haka ba ne. Idan hanya ta toshe ta daɗe, ƙodar takan rage tace fitsari, matsin ya ragu, ciwon ya lafa, alhali tsakuwar tana nan daram. Ƙodar tana lalacewa a hankali ba tare da ta yi ƙara ba. Idan aka bar ta makonni a toshe, wani ɓangaren aikinta ba ya dawowa ko an buɗe. Shi ya sa likita ke cewa in ba ka ga tsakuwar ta fita da idonka ba, ka dawo a sake hoto ko da kana jin garau, kuma ba a zuba wa tsakuwa ido fiye da sati huɗu zuwa shida. Ranar da direbanmu ya shigo yana murmushi, ƙodarsa tana cikin wannan hali.

Sai zazzaɓi. Don Allah in ba za ku riƙe komai a rubutun nan ba ku riƙe wannan. Ciwon kwiɓi tare da zazzaɓi da rawar ɗari ba abin kwana da shi a gida ba ne. Toshewa ce ta haɗu da ƙwayoyin cuta, kuma tana kashe mutum cikin kwana ɗaya ko biyu. Maganin kashe ƙwayoyin cuta shi kaɗai ba ya isa, domin ba ya shiga ƙodar da ke toshe yadda ya kamata. Dole sai an buɗe wa mugunyar hanya, ko ta baya kamar yadda aka yi masa, ko a zura siririyar roba ta mafitsara ta wuce tsakuwar. Mu kuwa duk zazzaɓi a wajenmu maleriya ne, in ya ƙi ji a ce taifod. Gwajin Widal ɗin nan da ake yi a kowane lungu, likitoci da kansu sun daɗe suna cewa ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, yana nuna “akwai” ga mutane da yawa da ba su da taifod. Amma da shi ake yanke wa mutum hukunci a rataya masa ruwa. Haka nan in fitsari ya ɗauke, ko amai ya hana ka riƙe ko ruwa, ko ƙoda ɗaya gare ka, ko mace tana da juna biyu, babu zancen bari mu gani zuwa gobe.

Kuma wa ya ce duk ciwon kwiɓi tsakuwa ce? Wannan ita ce ɗaya matsalar allurar kemis, tana kashe ciwon kafin a san mene ne. Mace mai shekarun haihuwa da ciwo a gefe ɗaya na mara, yana iya zama ciki ne ya zauna a wajen mahaifa, in ya fashe jini zai ƙare mata a ciki. Shi ya sa gwajin ciki yake cikin abin farko da ya kamata a yi mata, ba cin fuska ba ne. Saurayi da ciwon da ya sauka maraina, yana iya zama murɗewar maraina, wadda awoyi kaɗan gare ta kafin a rasa ƙwayar. Dattijon da ya haura sittin mai hawan jini, wanda bai taɓa tsakuwa ba, yana iya zama babbar jijiyar jinin ciki ce ta kumbura tana shirin fashewa. Ga afendiks, ga ciwon ƙodar da ƙwayoyin cuta ke kawowa ba tsakuwa. A ƙasarmu kuma in an ga jini a fitsari sai an tuna da tsargiya, musamman ga wanda ya taso yana wanka a kududdufi ko yana noman rani a bakin dam. Mai kemis da sirinji a hannu, wanne daga cikin waɗannan ya cire kafin ya soka?

Abin haushin shi ne maganin da ya yi amfani da shi ba baƙo ba ne a wannan ciwo. Diklofenak da danginsa irin su ibufurofen su ne ma na farko da likitoci ke bayarwa a ciwon tsakuwa, sun fi Buscopan ɗin da muke so aiki nesa ba kusa ba. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a ƙa'idar da ta fitar a 2019, ta ce a fara da su, in ba su dace da mutum ba a ba shi farasitamol ta jijiya, in duk ba su yi ba sannan a je ga masu ƙarfi, ta kuma ce a daina ba da magungunan sassauta murɗa irin su Buscopan a wannan ciwo. Amma likita kafin ya bayar yakan tambaya: kana da olsa? Ƙodarka lafiya? Kina da ciki? Ka yi ta amai jikinka ya bushe? Kuma yana bayarwa ne don ka samu sauƙin da za a bincika, ba don ka koma gida ka dawo bayan kwana goma a ƙara maka ba. Ita kuwa dokar ƙasa a fili take: lasisin mai kemis na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne, bai ba shi ikon yin allura ko ƙarin ruwa ba. Kowa ya sani, har masu sa ido sun sani.

Shi ma ƙarin ruwan da muke ɗauka shi ne ƙarshen jinya, ba ya tura tsakuwa. In mutum ya bushe saboda amai, a ƙara masa, daidai ne. Amma a ɗura wa mutum leda uku ko a ce ya shanye jarka don “ta wanko ta” alhali hanya a toshe take, ƙara wa ƙodar matsi ne kawai. Yawan shan ruwa rigakafi ne, ba maganin daren da ciwo ya tashi ba.

To me ya kamata a yi masa tun ranar farko? Gwajin fitsari, gwajin jini na aikin ƙoda, da hoto. Siti sikan wanda ba a sa ruwan allura shi ne ya fi nuna tsakuwa, girmanta da inda ta tsaya, kuma waccan ƙa'ida ta Ingila cewa ta yi a yi shi cikin awa 24. Sikanin na yau da kullum, irin wanda ake yi wa masu ciki, ba ya ganin kowace tsakuwa, amma yana nuna ko ƙoda ta kumbura, kuma shi ake fara yi wa mai juna biyu da yara. Shi ɗin nan mai araha, wanda ake samu kusan a kowane gari, da shi aka gano matsalar direbanmu cikin minti biyar, bayan an shafe kusan wata biyu ana lalube. In tsakuwar ƙarama ce ta kusa mafitsara, akwai ƙwayar tamsulosin da ke sassauta hanyar. In babba ce, yanzu ba lallai sai an tsaga ciki ba: ana fasa ta daga waje da na'ura, fasahar da aka fara amfani da ita a Jamus tun 1980, ko a shiga ta mafitsara da siririn madubi a farfasa ta da leza. Wannan “yankan” da mai bidiyo ke tsorata ku da shi, a lokuta da yawa ko ɗinki babu.

Na san abin da za a rubuto min a ƙasa, kuma ba zan yi kamar ban sani ba: “Yallaɓai, kai kana da albashi. Talaka da me zai yi sikan?” Gaskiya ne. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, siti sikan guda a wajen 'yan kasuwa yana iya lashe shi. Mutum ya je asibitin gwamnati da dare, a ce mai sikanin ya tashi, ko babu wuta, ko na'ura ta lalace tun bara. Ni kaina a daren da aka kai ni, wata ma'aikaciya kallon ɗan ƙwaya ta yi min, ta ce wa abokiyar aikinta irinmu ne masu zuwa neman allurar fenta. Awa biyu ina murƙususu a benci. Wata-wata ana yankar mana kuɗin inshorar lafiya, ranar da ka buƙaci hoto a ce ka je waje ka yi. Mai kemis kuwa yana nan kusa, ya san sunanka, zai ba ka bashi. Ba wauta ce ke kai mutane wajensa ba, kuma duk wanda ya ce wauta ce bai taɓa kwana a layin asibiti ba.

Amma mu yi lissafin har ƙarshe. Abin da mutumin nan ya kashe a zuwa kemis sau uku da gora biyu ya ninka kuɗin sikanin da gwajin fitsari. Abin da muka tara masa a ofis na kwana huɗun farko a asibiti ya fi albashinsa na wata uku. Wankin ƙoda, ko bayan tallafin da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 wanda ya sauko da shi daga wajen naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, wanda ƙodarsa ta mutu gaba ɗaya sau biyu ko uku yake buƙata kowane mako har ƙarshen rayuwarsa, ko a yi dashe. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, amma je ka tambayi kuɗin da kuma maganin da za ka sha har abada. Arahar kemis bashi ce, da ruwa ake biyanta.

Ga masu mulki kuma, ina jin daɗin ganin ana buɗe cibiyoyin wankin ƙoda ana yanka kyalle, musamman da yake kowa ya san yadda ciwon ƙoda ya addabi wurare irin su Gashuwa. Amma na'urar sikanin mai aiki da dare a babban asibitin ƙaramar hukuma, da sola da ma'aikacin da zai kwana, ba ta kai kuɗin injin wanki ɗaya da kayan aikinsa na shekara ba, kuma tana hana wasu kaiwa ga injin. Sai dai ba a yanka mata kyalle, ba ta shiga labarai. Gidajen rediyonmu kuma da ke sayar wa masu gora awa guda suna lissafa cututtuka arba'in da gora ɗaya ke warkarwa, sannan a jima su sa sanarwar neman taimako ga mai wankin ƙoda, su ma su ji kunya.

Akwai kuma wani abu ƙarami da ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Na tambayi direban nan ruwa nawa yake sha a rana. Ya ce leda biyu, in ta yi yawa uku, sauran shayi ne mai kauri. Me ya sa? Ya ce, “Yallaɓai, in na sha ina zan zaga? Banɗakin ƙasa a kulle yake, makulli yana wajen manya.” Mutum yana wuni cikin mota a zafin da ke haura digiri 40 yana gumi, yana ƙin shan ruwa da gangan saboda babu wajen fitsari. Haka 'yan kasuwa, haka masu adaidaita, haka malaman makaranta mata. Tsakuwa kuwa a fitsarin da ya yi kauri take ƙulluwa. Wanda ya taɓa yi ana so ya sha lita 2 da rabi zuwa 3 a rana, a zafinmu ma fiye, ledar fiya wata shida ke nan zuwa sama, har fitsarinsa ya zama fari-fari. Da azumi a raba shi tsakanin buɗa-baki da sahur, wanda kuma yake da tsakuwa a hanya ya tambayi likita ya tambayi malami, addini bai ce ka kashe ƙodarka ba. A rage gishiri da dunƙule, a rage yawan nama da lemon kwalba, a matsa lemon tsami a ruwa. Kada kuma a daina shan nono da madara wai don tsakuwar ta kalsiyam ce, wannan kuskure ne, ƙarancin kalsiyam a abinci ƙara haɗarin yake yi. Kusan rabin waɗanda suka yi sau ɗaya tana dawo musu cikin shekara biyar zuwa goma. Ni gorar ruwa ba ta barin teburina, har ana yi min tsiya da ita a ofis.

Makullin banɗakin nan dai jiya na karɓo shi na rataye a ƙusa bakin ƙofa, wanda zai yi min kwari a kai ya yi.

Likita ya ce ranar Alhamis za su shiga su fasa tsakuwar in zazzaɓin bai dawo ba, sai bayan wasu makonni za a san nawa ne ya rage a ƙodar dama. Ɗazu da zan fito ya riƙe hannuna ya ce, “Yallaɓai, ragowar gorar nan tana gida, ka ce wa yara su zubar kada uwarsu ta ba wani.” Na biya na faɗa musu. Ashe har maƙwabcin nan ya aiko a ba shi, wai ƙaninsa ma kwiɓinsa na ciwo. Ƙanin nasa gobe da safe zan kai shi sikanin da kaina. Ku sa Malam a addu'a.